Taguwar da Ta Ji Muryar Mai Ita

Samari, ni ɗan maƙeri ne a Gure, kuma da ƙuruciyata ba a san ni da ɗaukar ko allurar wani ba. Aikina zuga wuta da yi wa dabbobi lalas, wato shaidar da ake ɗora musu da ƙarfe mai zafi don a san mai su.

Wata shekara da fari suka cinye hatsi, wani dillali ya kawo mini jaki, ya ce in ƙara layi ɗaya a kan shaidarsa. Na san na sata ne, amma na ƙara, ya ba ni tiyar gero. Daga jaki sai shanu, daga shanu sai raƙuma, har na daina jiran a kawo mini. Duk sanda uwata ta yi mini faɗa sai in ce, "Inna, abin da Allah ya rubuta wa mutum ba ya kankaruwa." Da wannan maganar nake rufe mata baki, in rufe nawa.

Rana dubu ta ɓarawo. Na kwance taguwa, wato raƙuma mace, ta wani dattijo Bukar na Alakos, na sake shaidarta, na kai ta kasuwar Gure. Sai ga dattijon. Bai yi gardama da ni ba, ya tsaya nesa ya kira ta. Ta miƙe da dabaibayi a ƙafa, tana tsalle, ta je ta ɗora kai a kafaɗarsa. Gardi, wato 'yan sandan lokacin, suka kama ni, kwamanda mai mulkin gari ya aika da ni gidan kaso a Damagaram.

A can na san Baba Yohanna, kafinta Kirista daga kudu, da ake kawowa gyaran ƙofofi, ni ina riƙe masa katako. Ya gaya mini Yesu ya mutu domin masu zunubi irina, kuma Allah ne ke zaɓen nasa. Na ce, "To Baba, in ya zaɓe ni zan tsira ina kwance. In bai zaɓe ni ba, wahalar me zan yi?"

Da yake na ba shi labarin laifina, sai ya ce, "Ɗana, taguwar nan, muryar mai ita ce ta kawo ta ko ƙafafunta?"

Na ce duka biyu.

"Da bai kira ba, ba ta zuwa. Amma ba a kansa ya ɗauko ta ba. Kai ma ana kiranka."

Na ba da gaskiya kafin a sake ni. Da za mu rabu ya ce in fara da neman gafarar Bukar. Na ce in Allah ya so. Tsohuwar dabarata ce ta dawo cikin sabuwar riga, don kunya nake ji. Damina ta wuce, wata ta wuce, ina jiran Allah ya so abin da ya riga ya umarta.

Ran da na isa Alakos, ɗansa ya nuna mini kabari. Ya ce har ya rasu yana shafa tabon taguwar yana tambaya ko yaron nan ya shiryu.

Na gaji, samari, ba zan ja zance ba. Ceto na Allah ne, ban saye shi da komai ba. Amma hannun da ya riƙe ƙarfen nawa ne, ƙafar da ta ƙi tafiya ma tawa ce. Gafarar Ubangiji na same ta. Ta Bukar kuwa ba zan taɓa jin ta da kunnena ba. In kun ji kira, ku tashi ran nan, ko da dabaibayi a ƙafa.