Awon Man Giya a Dajin Birnin Gwari

Motar da na sayo daga Kaduna otomatik ce, kuma tun ranar da na shigo da ita Birnin Gwari abokaina suka sa ni gaba da tsiya, wai na sayi motar ragwaye. Ban kula su ba. Mutumin da ya sayar mini ya ja kunnena kan abu ɗaya: man giyarta ja ne, kuma ba a auna shi yadda ake auna baƙin mai. Sai injin ya yi zafi, yana aiki, motar tana tsaye a wuri miƙaƙƙe, sannan a zaro ƙarfen awon a duba. Ya yi ta nanata mini har na fara jin haushinsa.

A daminar da zan ba da labarinta, yanar ido ta riga ta rufe wa Baba idanu duka biyu. Manomi ne, a Gayam ya yi rayuwarsa, sai da zama ya gagara a ƙauye muka dawo da shi gari. Makantar ba ta rage masa faɗa ba, sai ma kunne da ta ƙara masa. Yana zaune a zaure zai gaya maka babur ɗin wane ne ya shigo layi, kuma wane ne a kai, tun kafin a ga ƙurarsa. Likitoci a Kaduna sun ba mu ranar yi masa aikin ido, sun ce idan ta wuce sai mu sake bin layi, shi kuwa Baba ya gaji da a riƙe masa hannu zuwa masallaci.

Ana saura 'yan kwanaki, dutse ya daki ƙasan motar a wata kwazazzaɓar hanya, ya fasa kaskon da man giya ke kwanciya a ciki. Makaniken layinmu ya aika Kaduna aka samo wani, amma bai iso ba sai jajibirin tafiya. Da safe na je ɗauka, na tarar ya ɗaure komai tsaf, makullin yana rataye a jikin ƙusa.

"Ka duba man?" na tambaye shi.

"Na duba, Malam. Har ya ɗan haura alama."

Ya jefa mini galan ɗin ragowar man a but, na gode masa, na wuce. Mutumin kirki ne, ya iya aikinsa, amma motocin garinmu kusan duka masu giyar hannu ne, kuma a wurinsa mai mai ne: a kashe mota, a zaro ƙarfe, a duba.

A lokacin ba a bin hanyar Kaduna sai a ayari, saboda 'yan bindiga. Motoci su taru a bakin gari, motar rakiya ta shiga gaba, kowa ya bi bayan na gabansa kamar an ɗaure su da igiya. Ba wanda ke rage gudu, ba wanda ke cewa zai kama ruwa. Mu muka zo a makare saboda Baba ya tsaya neman carbinsa, don haka mu ne na ƙarshe, babu kowa a bayanmu.

Tafiya ta miƙa lafiya har muka bar gonaki muka shiga inda daji ya haɗe. Ciyawa ta fi mutum tsayi, ta matse kwalta hagu da dama. Can a wani hawa na taka totur, injin ya yi kuka sosai, amma motar ba ta ƙara gudu ba. Na sake takawa. Ta yi wata girgiza, ta kama, ta sake saki. Da ƙyar muka haye, ina kallon bayan motar da ke gabanmu yana ƙanƙancewa har kwana ta haɗiye shi. Na danna hon kamar mahaukaci, ba wanda ya ji.

Gangare ne ya taimake mu. Na bar ta ta silale har wani wuri shimfiɗaɗɗe kusa da kwalbati, na tsaya, na kashe injin nan take. Duk ɗan yankinmu ya san wannan: idan tsayuwa ta kama ka a daji, ka kashe komai, ka yi shiru. Na zaro waya, babu sabis ko ɗigo.

"Me ya faru?" Baba ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Giya ce take saki, Baba."

"Ayarin fa?"

"Sun wuce."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa tsoro ya riga ya kama ni. Na san mutanen da aka ɗauka a wannan hanya. Na san yadda ake kora su cikin daji a ƙafa, da abin da ke samun wanda ya kasa tafiya. Na kalli tsohon da ko ƙofar ɗakinsa sai ya lalube ta.

Na kwanta a kwalta na leƙa ƙasa. Sabon kaskon a bushe yake, ba ya yoyo. Na ɗaga bonet na zaro ƙarfen awon, mai jan kai, na ga mai a jikinsa kusa da alama. Na tsaya riƙe da shi kamar wawa. Sai makullin nan da ke rataye a ƙusa ya faɗo mini a rai, tare da muryar mai sayar da motar. A kashe makaniken ya auna ta. Mota tana kashe, man duk yana gangarowa ya taru a kasko ya nuna kamar ya cika, da an tayar kuma sai ya watsu cikin giyar a ga gaskiyarsa. Ni ma a kashen nake aunawa.

Na dawo wajen tagar Baba. "Sai na tayar da ita. Akwai ragowar mai a but, amma ba zan san yawan da zan ƙara ba sai tana aiki. Idan ya yi yawa ma wata matsalar ce."

"Ka tayar da ita a nan? Ka yi shela ke nan, a zo a kwashe mu."

"Babu wata hanya, Baba."

Na murza makulli. Ban taɓa sanin motar nan tana da ƙara haka ba sai ranar. Na taka birki, na bi da giyar kowane mataki a hankali kamar yadda aka koya mini, na mayar da ita wurin tsayuwa, na ja birkin hannu. Da na sake zaro ƙarfen na goge shi da gefen rigata na mayar na zaro, bakinsa kawai ya jiƙe.

Ina yanka gorar ruwa don in yi mazurari, sai na ji an buɗe ƙofa. Baba ne ya sauko, sandarsa a hannu.

"Ina za ka?"

"Wannan ƙugin ya toshe mini kunne. Idan suna zuwa ba za mu sani ba sai sun dafa mu. Ɗora ni a kan kwalta, ka juya ni baya."

"Baba, don Allah ka koma ciki."

"Kai, ni na haife ka ko kai ka haife ni? Juya ni."

Na juya shi ya fuskanci inda muka fito. Kafin ya tafi ya damƙi hannuna.

"Ka saurara. Idan ka ga na ɗaga sandar nan sama, ka rufe ka tafi. Kada ka dawo kaina. Tsoho makaho ba abin da zai yi musu, kai kuwa kana da yara."

Bai jira amsata ba. Ya tafi yana bugun gefen kwalta da sanda, yana bin ta, har ya yi nisan da ƙarar injin ba za ta dame shi ba. Can ya tsaya a tsakiyar hanya cikin farar rigarsa, kansa a karkace, shi kaɗai.

Ramin da ake zuba man siriri ne, ba ya karɓar gaggawa. In ka tuttula ya dawo maka. Haka na tsaya ina ɗura shi kaɗan-kaɗan, man yana bin yatsuna, zafin injin yana gasa mini fuska. In zuba, in jira ya sauka, in zaro ƙarfe, in goge, in mayar, in duba, sannan in waiwayi Baba. Na zagi makaniken a zuciyata, na zagi motar, na zagi abokan da suka ce motar ragwaye ce, don da ta hannu ce da na san dabarar da zan yi mata. Duk addu'ar da na haddace ta gudu daga kaina, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Man ya hau rabi. Na ƙara. Ya matso alamar. Na waiwaya, sai na ga sandar a sama.

Ni ban ji komai ba, kuma abin da ya fi razana ni ke nan. Baba ya ɗaga ta da hannu biyu, yana kaɗa ta wajen Kaduna, yana kora ni. Na cusa ƙarfen, na maka bonet, na bar galan ɗin a nan, na faɗa mota. Ban tsaya shawara da kaina ba. Na ja giyar zuwa ribas na taka.

Ba ta motsa ba. Injin yana ta aiki, motar tana tsaye. Ba na jin jiran ya wuce numfashi ɗaya ko biyu, amma a cikinsa na ga komai: na ga an tasa Baba a gaba, na ga ina shiga gida ba tare da shi ba. Sai na ji ta yi ƙwas a ƙasa, ta kama, ta ja baya da ƙarfi har na kusa faɗawa ciyawa.

Na tsaya daidai shi, na miƙa na buɗe ƙofa, na finciko rigarsa. Sannan na ji su ni ma: babura, da yawa, daga cikin daji ta hannun dama, ba kan kwalta ba. Ƙafarsa ɗaya tana waje na sa giyar gaba. Ta kama. Takalminsa ɗaya a can ya zauna.

Ban kalli madubi ba, don haka har yau ban san su wane ne ba. Mun yi tafiya mai nisa ina sauraron giyar a kowane hawa. Sai da muka hango rumfunan Buruku da bayan ayarin a tsaye, Baba ya lalubo kafaɗata ya kai mata duka.

"Ban ce ka tafi ba? Taurin kai, tun kana yaro."

Na buɗe baki in ba shi amsa, kuka ya riga ni. Shi kuma hannun da ya dake ni da shi, bai ɗauke shi daga kafaɗata ba har muka shiga Kaduna.

Aka yi aikin, ido ɗaya ya buɗe tar. Kafin mu dawo na sa an sake auna man a Kaduna, injin yana aiki, ina tsaye a kai. A hanyar gida muna tsakiyar ayari, Baba ya manne da taga yana kallon komai kamar baƙo, ya ce lallai in nuna masa wurin. Da muka zo kwalbatin na nuna masa da baki, ban rage gudu ba. Ya ga ciyawar da ta rufe hanya, ya ga ƴar siririyar hanyar babura da ta ɓullo daga daji daidai inda ya tsaya. Ya bi wurin da kallo har ya ɓace, sannan ya gyara zama a hankali.

"A nan na tsaya?"

"A nan, Baba."

Ya ce, "Wallahi da ina gani ranar nan, da ban fita daga motar ba."