Dalhatu Mai Ƙofa da Kalmar da Ta Kusa Korar Zaharaddini

Duk wanda ya taɓa noman rani a Unguwar Jaji, can gefen Bunkure, ya san Dalhatu Mai Ƙofa, domin ruwa ba ya shiga gonar kowa sai ya bi ta hannunsa. Shekara ashirin da uku ke nan yana riƙe da makullin ƙofar ƙarfen da ke sako ruwa daga babban kanal zuwa fangalan shinkafa da tumatir. Da sassafe ya murɗa ya buɗe, da la'asar ya murɗa ya datse. An zage shi a kan ruwa, an yi masa daɗin baki, har dagaci ya taɓa aiko masa a kan ya ƙara wa wani awa ɗaya, ya ce a gaida dagaci.

Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana ɗan shekara huɗu, saboda haka yana tafiya ne da hannu dafe a gwiwa. Bai taɓa buga bal ba, ko sau ɗaya. Amma babu wasan da aka yi a filin makarantar garin da ba ya bakin layi. Wata shekara aka zo har gida aka zura wa 'Yan Kanal, ƙungiyar garinsu, bakwai da nema. Dalhatu ya yi ta faɗar inda ɓarakar take da ƙarfi har wani ɗan wasa ya fusata ya ce, "To in ka iya ka zo ka yi mana!" Washegari sai ga shi da usur a wuya. Tun ranar bai sauka ba.

Shi bai san wani huɗu-huɗu-biyu ba. Ruwa ya sani, da ruwa kuma ya koyar da su. In 'yan baya suka bar kafa sai ya yi ihu, "Yoyo!" In yana son ɗan tsakiya ya taka bal ya riƙe ta har abokansa su cika gaba, sai ya ce, "Datse!" In ya ga hanya ta samu sai ya ce, "Buɗe!" Ma'anarta a wurinsa guda ce: saki bal yanzu yanzu, ta miƙe ta tsakiya, kada ka tsaya duba.

Babu wanda ya sha wannan karatu kamar Zaharaddini, ɗan maƙwabcinsa, mai lamba takwas. Shekara goma sha ɗaya yana ƙarƙashin Dalhatu, har ta kai in aka ce "buɗe" bal ta bar ƙafarsa kafin kalmar ta gama fita. Bana da ya cika ashirin da biyu, Damisa ta Kura, ƙungiya mai jesi kala biyu da koci mai takarda, ta ɗauke shi. Unguwar Jaji ta raka shi har bakin titi.

Wasa biyar ya buga a can, kuma duk biyar ɗin ba su yi kyau ba. Bal tana zuwa ƙafarsa sai ya miƙa wa abokan hamayya kamar ya aiko musu da ita. Magoya bayan Damisa suka sa masa suna Sadaka.

A teburin Baballe mai shayi ake shari'ar irin wannan, da safe, bayan Dalhatu ya buɗe ruwa. Babban mai gabatar da ƙara kuwa Hashimu ne, dillalin albasa, taubashin Dalhatu, wanda ba ya barin sa ya kurɓi shayi cikin salama.

"Koci na duniya, ya jikin Sadaka?" in ji Hashimu ran nan, tun kafin Dalhatu ya zauna.

"Sunansa Zaharaddini. Ubanka ma ya ci naman sunan."

"To ai ni ban ce komai ba. Cewa na yi ɗan wasa in ɗan wasa ne, ko ina ka kai shi zai buga. Ka duba na Turai mana. A ɗauko mutum daga wata ƙasa, ko gaisuwar garin bai iya ba, ranar farko ya zura biyu."

"Nawa kuma aka ɗauko suka zama kamar an jiƙa tsumma?" Dalhatu ya tambaya. "Su ba ka lissafa su? Ƙafafunsu ne suka tsaya a filin jirgi?"

"Dama can ba su iya ba. Tsari ne ya rufa musu asiri, aka cire su daga ciki asiri ya tonu. Kamar naka."

Baballe ya ɗaga kofi yana sheƙa shayi daga sama. "Ni dai abin da na gani, a nan yaron yana ba da bal kamar da ido a ƙeya. Wata uku ba ta makantar da mutum."

"A nan wa yake bugawa da su?" Hashimu ya ce. "Masu dashen shinkafa. Kura birni ce, Malam."

Teburin ya ɗauki dariya, har da waɗanda ba su san a kan me ake ba. Dalhatu ya dire kofinsa.

"Hashimu, kai albasa ka sani a buhu, ni na san ta a fangali. Yaron nan ba abin da ya same shi. Akwai abin da ake masa a can, ban san mene ne ba tukuna, amma zan sani."

"Sai ka yi sauri kuwa," in ji Hashimu, yana tsoma burodi. "Koci Suhaibu na Damisa ya ce wasan Asabar da 'yan Garun Mallam shi ne na ƙarshe. Litinin zai miƙa sunayen gasar bana. In Sadaka ya sake rabon sadaka, ka tanadar masa fartanya."

Ranar Juma'a da yamma Zaharaddini da kansa ya same shi a bakin ƙofar ruwa. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ko dai in dawo gida da girmana kafin a kore ni?"

"Me kake yi a filin da ba ka yi a nan?"

"Wallahi ban sani ba. Abin da na saba shi nake yi. Sai in saki bal, in ɗaga kai in ga babu kowa a wurin. Kamar ƙafata tana riga ni."

"Ya canza maka lamba?"

"A'a, takwas ɗin ce."

"To ba inda za ka dawo. Gobe ina nan zuwa."

Asabar da la'asar bai bar ruwa ba sai da lokacinsa ya cika. Ya datse, ya rataya makulli a wuya tare da usur, sannan ya hau bayan babur ɗin Hashimu, wanda ya ce shi zai kai shi kyauta don kawai ya ga fuskarsa. Suka isa filin Kura an yi minti goma da take wasa.

Dalhatu bai shiga cikin 'yan kallo ba. Ya lallaɓa ya tsaya bayan bencin Damisa, kusa da inda Koci Suhaibu ke kai da komo da allo a hannu, saurayi ne tsaf da hular hana sallah. Bal ta zo wa Zaharaddini a tsakiya. Kocin ya ɗaga hannu biyu ya kwarara ihu.

"Buɗe! Ku buɗe!"

Nan take 'yan gaban Damisa suka watse zuwa gefe da gefe, ɗaya dama ɗaya hagu. A daidai wannan lokacin kuma Zaharaddini ya saki bal ta miƙe ta tsakiya, ta bi ta wurin da mutane suka bari yanzun nan, ta faɗa ƙafar ɗan Garun Mallam.

"Sadaka!" fili ya ɗauka. "Allah ya karɓa!"

Dalhatu ya rufe ido. Da aka sake, bai kalla ba, saurara kawai ya yi. Ihun koci, ƙarar takalmi a jikin bal, sannan ihun 'yan kallo. Sau uku a jere haka. Da ya buɗe ido sai Hashimu ya ga yana murmushi.

"Lafiya? Ko abin ya taɓa ka ne?"

"Ka ji abin da yake cewa?"

"Buɗe yake cewa. Su baje, su ba da fili. Kowa ya san wannan."

"Kowa ban da wanda ya tashi a hannuna."

Da aka tafi hutun rabin lokaci Garun Mallam na da ɗaya. Dalhatu ya dafa gwiwa ya nufi kocin.

"Sannu da aiki, Koci. Dalhatu ne, na 'Yan Kanal."

"Na san ka, Baba. Ka ga mutumin naka dai."

"Na gan shi, na kuma ji ka. Kai in ka ce buɗe, mutane kake nufi su buɗe. Mu a wurinmu ƙofar ruwa ake buɗewa, bal ce take tafiya. Shekara goma sha ɗaya yana jin ta haka. Kai kana kora mutane gefe, shi yana jin ka ce ya saki. Umarninka yake bi, shi ya fi kowa binsa a filin nan."

Kocin ya dubi Zaharaddini, wanda ya tsaya da ledar ruwa a hannu, baki buɗe. Sannan ya dubi 'yan wasansa da suka kewaye su suna saurare, fuskarsa ta ɗaure.

"Baba, da girmanka. Ni kwas na yi. Ba zan canza yarena saboda mutum ɗaya ba. In ba zai iya koyon kalma ɗaya ba, ina zai iya koyon tsari?"

"Ka taɓa gaya masa abin da kake nufi da ita?"

"Ana gaya wa ɗan bal ma'anar buɗe?"

"To shi ke nan. Riƙe kalmarka. Bakin layi dai ba na kowa ba ne, ko?"

Aka dawo. Dalhatu ya tsaya taku biyar daga kocin, ya gyara tsayuwa a kan ƙafarsa mai lafiya. Muryar da ta saba ƙetare gona goma ta kai ga mai ban ruwa ba ta jin tsoron filin bal. Bal ta zo wa Zaharaddini.

"Ku buɗe!" in ji koci.

"Datse!" in ji Dalhatu.

Ƙafar Zaharaddini ta riga ta ɗaga. Ta tsaya a sama, sannan ta sauko ta take bal. Ya juya, ɗan Garun Mallam ya wuce shi fuu. 'Yan gefe suka kai inda za su, masu tsaron bayan Garun Mallam suka bi su, tsakiya ta wangale, lamba tara ya kutsa.

"Yanzu buɗe!"

Bal ta tafi a ƙasa, ta samu lamba tara shi da gola. Ya ɗaga ta sama ta wuce raga ta faɗa gonar masara. Fili ya yi ihu, amma wannan karon ba sunan Sadaka aka kira ba.

Kocin ya juyo a fusace. "Baba, ƙungiyata ce ko taka?"

"Taka ce. Ɗan nawa ne."

"Zan sa a fitar da kai!"

"A zo a ɗauke ni, dama ƙafar ta gaji."

Babu wanda ya zo. Wani dattijo cikin magoya bayan Damisa ma cewa ya yi, "Koci, ƙyale tsohon nan, ka ga bal ta fara gane hanya." Haka aka ci gaba, koci ya buɗe, Dalhatu ya datse, har 'yan kallo suka ɗauka. Bal na zuwa wa lamba takwas sai ka ji gefen fili gaba ɗaya, "Datse!" Saura minti bakwai a tashi ya sake zura wa lamba tara irin ta ɗazu, wannan karon ta kwana a raga. Aka tashi ɗaya da ɗaya.

Kocin bai yi wa Dalhatu sallama ba, shi ma bai nema ba. Ya hau bayan babur ɗin Hashimu suka koma gida.

Litinin sunaye suka fita, na Zaharaddini yana ciki. Wanda ya kawo labarin teburin Baballe ya ƙara da cewa a atisayen jiya an ji Koci Suhaibu yana ihun "Ku baje!" kuma da aka tambaye shi ya ce dama can haka ake faɗa a kwas.

"To ka ji," in ji Hashimu. "Ai maganata ce ta fito. Ɗan wasan da kalma ɗaya za ta rikita, kai ne ba shi da shi."

"Koci mai takardar da ya yi wata uku bai ji abin da bakinsa ke faɗa ba fa?"

"Wannan kuma laifinka ne. Wa ya ce ka koya wa mutane bal da yaren kanal? Gobe in wani ya sake tafiya fa? Ka gyara bakinka, ka riƙa faɗa yadda duniya take faɗa."

Dalhatu ya shanye shayinsa, ya dafa gwiwa ya miƙe, makulli da usur suna karo a ƙirjinsa.

"Duniya ta zo ta koya. A filina buɗe bal ce take tafiya, kuma haka za ta zauna. Wanda zai ɗauki yarona, ya zo bakin ƙofa ya tambaye ni yadda ake masa magana."

"In bai zo ba fa?"

"Sai ka sake kai ni a babur."