Kaskon Gwaggo da Tauraron da Ya Fashe

Ko zan manta komai na karatun digirina na biyu, ba zan manta ranar da gwaggona mai haɗa turaren wuta ta gyara mini bincike, ni kuma na yi mata dariya ba.

Aikina a kan ragowar wani tauraro ne da ya fashe tun zamanin da. Idan tauraro ya tarwatse, tarkacensa yakan bazu da zafi mai tsanani, yana fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A hoton da na'urar sararin sama ta ɗauko, gefe ɗaya na ragowar yana haske sosai, ɗayan kuwa dishi-dishi. Nan take na yanke hukunci cewa fashewar ce ta karkata gefe guda. Shekara biyu ina gini a kan haka, kaina ya kumbura har ƙofar zaurenmu na unguwar Zaitawa ta kusa yi mini kaɗan.

Saura kwana uku in tsaya gaban malamai in kare aikin, na kafa kwamfuta a tsakar gida ina bita. Gwaggo na gefe da kaskonta tana gwada sabon haɗi. Ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, mene ne wannan kamar wainar da ta ƙone gefe ɗaya?" Na yi mata bayani, rabi da Turanci, don ta san ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ta barbaɗa turare a gefe guda na garwashin, hayaƙi ya turnuƙe. "Dubi nan. Wutar ce ta mutu, ko hayaƙi ne ya tare miki ido? Shi tauraron naki, babu abin da ya gitta tsakaninku?"

Na ƙyalƙyale da dariya. "Haba Gwaggo, sararin sama ai ba kasko ba ne."

"To, Farfesa. Allah ya ba da sa'a."

Ranar ta zo. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya bar ni na gama cika baki tsaf. Sannan ya fito da taswirar gajimaren iskar gas na wannan yanki, ya ɗora a kan hotona. Ga gajimare mai kauri zaune daram a gaban gefen da ya dushe, yana shanye hasken kafin ya iso mana. Ya ce, "Malama, kin duba wannan kuwa?" Ban duba ba. Aka ƙara mini wata shida, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na koma gida, Gwaggo ta saurari labarin ba ta ko murmusa ba. Ta miƙo mini kaskon ta ce, "Ungo, ajiye kusa da kwamfutar taki, tunda ya fi ta gani."

Tun daga ranar, kafin in ce abu ya dushe sai na duba abin da ya tsaya tsakanina da shi. Nawa gajimaren dai na gano shi, girman kai ne, kuma ya fi na tauraron kauri.