Wanzamin da Ba Ya Fashin Zaɓe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Janairu, bayan azahar, ɗanka ya bugo mini waya ya ce ka cika a asibiti, bayan jinyar da duk muka ɗauka zazzaɓi ne. Na ajiye wayar, na zauna a bakin keken ɗinkina, na rasa wanda zan faɗa wa, domin kai nake fara faɗa wa komai.

Shagonka na aski manne yake da nawa. Shekara da shekaru ina jin ƙarar injinka da muryarka kana yi wa samari nasihar zaɓe. Sai ka aske rabin kan mutum, sannan ka tambaye shi ko ya karɓi katinsa. Ka sha ce mini cikin dariya, "A kujerar nan kaɗai suke saurarona, don ba mai tashi da rabin aski."

Duk ranar babban zaɓe, kai kake ƙwanƙwasa mini ƙofa da sassafe. Mu ɗauki bencin shagonka, kai gaba ni baya, har filin makarantar da rumfarmu take. Ba ka taɓa zama a kansa ba, na tsofaffi ne da masu juna biyu. Kai ka nuna mini abin da ban lura da shi ba. Mu masu furfura ne farkon zuwa. Mata su biyo baya da goyo, layinsu ya fi namu tsawo, ya fi namu haƙuri. Samari sai rana ta take suke leƙowa, su ga layi, su juya. Masu manyan gidajen bayan titi kuwa, ko ƙofa ba sa buɗewa. Daga wannan zaɓe zuwa wancan mutanen filin suna raguwa, kana kuma jin abin a ranka kamar gidanka ne ake watsewa daga ciki.

A zaɓen da ya wuce, wata mai sayar da kayan miya ta fita daga layi, ta ce ta bar mahaifiyarta kwance ita kaɗai. Ka bi matan nan ɗaya bayan ɗaya kana roƙo, har suka bar ta ta wuce gaba. Ba ka tambaye ta wa za ta zaɓa ba. Ni ma ba mu taɓa dangwala wa mutum ɗaya da kai ba, kullum cikin musu muke. Amma da idona ya raunana, kai ka riƙe hannuna har inda ake dangwalawa, sannan ka juya mini baya.

Abin da ya tsaya maka a rai shi ne ɗanka. Ya yi karatu bai sami aiki ba, yana tuƙin haya, ya ce ƙuri'a ba ta taɓa canza masa komai ba. Ba ka yi masa faɗa ba. Ni kawai ka ce wa, "Ba ni da amsar da zan ba shi, amma ba zan iya zama a gida ba."

Wata mai zuwa za a yi zaɓe. Shekaranjiya ɗan naka ya zo kwashe kayan shagonka, ya leƙo wajena.

"Baba, ranar zan zo in kai ka," in ji shi.

Na ce, "Kai fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Zan jira ka a mota."

Ban matsa masa ba. Zan je, in Allah Ya yarda. Sai dai ban san da wa zan yi musu a hanyar dawowa ba.

Allah Ya jiƙanka, abokina, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da jikokinka, Allah Ya ba su haƙuri, Ya albarkaci bayanka. Mu sa'o'inka da muka rage, ba mu da yawa. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.