Ba Iska Ce Ta Kore Shi Ba

Malama Hajara, abu ɗaya nake so ki yi mini. Ki danna wayar nan ta ɗauki maganata, jibi ranar sadakar arba'in ki ba maigidanki ya kunna wa maza a ƙofar gida. Ni ina takaba, ba na fita, kuma ban iya rubutu ba. In ba a ji maganar nan ba, ana watsewa za su ɗauki yarinyar nan su kai ta gidan mai magani, a lulluɓe ta da bargo a kan kasko a yi mata hayaƙi, wai iskar ubanta ce ta koma kanta. Shekararta shida, kuma kin san ƙirjinta. Hayaƙin murhu ma in ya yi yawa sai an nemo abin shaƙarta. Tsoro nake ji, Malama. Wayar ta fara ɗauka? To, bismillahi.

Ranar Talata ce da hantsi, ina surfe, na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ba ta maigidana ba ce. Tasa tun daga bakin titin Garo nake gane kukanta. Na ji sallamar maza, na ji shiru, sai salatin Inna, mahaifiyarsa. Taɓaryar ma ban san inda na ajiye ta ba. Isuhu makanike, abokin tafiyarsa, shi ya kawo jakarsa da wayarsa. Ya ce sun yi masa sutura can bayan Agadas tun kwana uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baban yarinyar nan direba ne a tashar Gwarzo, hanyar Nijar yake bi. Amma kafin sitiyari sanda ya riƙe, don gidansu gidan kiwo ne, har ya yi gemu yana bin shanu. Da mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki, shi ya yi jinyarsa, shi ke juya shi, shi ke yi masa wanka. Ranar da aka binne tsohon ya ce da ni, "Ƙafar da ta bi shanu ba ta yafe wa kujera. In na ci gaba da zama, haka za ki juya ni." Bayan sati ya sayo takalmi a gwanjo ya fara gudu.

Ku da kuke zaune kuna jina, kun tuna ranar farko. Ya fito daga masallacin asuba ya miƙe hanyar Gwarzo a guje, ku kuka fito da sanduna kuna, "Me ya koro ka?" Wasunku har fadama suka bi shi, sun zaci ɓarawo ne ko mahaukacin kare. Ya tsaya yana haki yana dariya, ya ce, "Ba abin da ya koro ni, ni nake korar kaina." A garin nan babba ba ya gudu sai da dalili, shi ya sa tun ranar aka fara ƙus-ƙus. Mai shayin bakin titi kullum sai ya ɗaga ludayi ya ce, "Barewa, in ka kamo abin da kake bi ka rage mana." Shi kuma ya ce, "Tumbinka nake guje wa, kada ya harbe ni."

Ni ma ban tsira ba. Kunya ta sa na taɓa ɓoye takalman a rumbu. Bai tambaye ni ba. Ya fita da silifas, ya dawo da ƙaya biyu a dunduniya, ya zauna yana cirewa da allura. Abin da ya ce kawai, "In kin gama ajiyar, ki riƙa dubawa, ɓera yana son igiya." Shekara takwas muna tare, faɗansa bai wuce wannan ba.

Maganar yarinyar kuwa, shi ya kai ta asibitin Kabo da kansa, ya tambaya ko za ta iya ɗan motsa jiki. Suka ce a hankali, da safe, da abin shaƙa a kusa. Sai ya auna mata daga ƙofar gida zuwa tsamiyar nan ta bakin gona. Shi yana gefe, maganin yana aljihunsa, yana ce mata, "Kada ki yi tsere da kowa, numfashinki za ki bi." Tun da ya rasu, kullum da safe sai ta je tsamiyar da ɗan gudunta, ta tsaya tana kallon titi, ta dawo. Wannan shi ne iskar da ake faɗa.

Tafiyar ƙarshen nan, wasu masu tseren gudu ne suka ɗauke shi shata, ya kai su da kayansu can duwatsun bayan Agadas. Kwana huɗu suna cikin sahara. Duk inda suka yada zango, da safe in sun fita motsa ƙafa sai ya bi su. Suka ga bai gaji ba, suka ce direba, ka shiga mana. Muryarsa tana cikin wayar nan, ya aiko mini. Ya ce ana tashi da asuba, a hau dutse a sauka, a sake hawa wani, duk wanda rana ta faɗi bai iso ba ya fita. Shi da bai taɓa hawan abin da ya fi tudun gonarmu ba. Na ce ya rufa mini asiri. Ya ce, "Addu'a za ki yi, ba kuka ba."

Dabino ya zuba a aljihu da ƙuli-ƙulin da na yi masa, ya rataya gora. Ya ce hawa ba komai ba ne, saukowa ita ce azaba, har farcensa biyu suka cire. Azahar da la'asar a kan dutse ya yi su, da taimama don ruwan ya kai shi, mutane suna wuce shi yana sujada. Ya ce akwai inda ya zauna ya ce shi ke nan, ya haƙura. Sai ya tuna yadda ake koro garke daga nesa, ba gida kake kallo ba, saniyar da ke gabanka kake kallo. Ya tashi yana bin dutse ɗaya bayan ɗaya. Ya iso rana tana ja, mutum uku ne kawai a bayansa. Ki ji yadda yake dariya a saƙon. Ya ce, "Ki aika a gaya wa mai shayi na kamo, amma ba zan rage masa ba."

To ga abin da nake so maza su ji da kyau. Masu gudun sun wuce gaba a wata mota, shi ya juyo gida da fasinja: tsofaffi biyu, wata mata mai goyo da ƙanwarta, sai Isuhu. Kwana biyu ke nan da tseren, ƙafarsa ko takalmi ba ta shiga sai da ƙyar. Motar ta lalace inda ba gida gaba ba gida baya, ba sabis. Isuhu ya yi iya yinsa, abin ya ƙi. Suka wuni, suka kwana, ba wanda ya gifta. Ruwa ya rage ƙasan jarka, jaririn ya daina kuka.

Yaya Garba, wansa, kai ma ka yi tuƙi. Ka ce mai hankali ba ya barin mota a sahara. Gaskiya ne, kuma shi ma haka yake faɗa, na sha jin yana gaya wa sababbin direbobi, "Mota ake gani daga nesa, ba a ganin mutum." Ya sani. Isuhu ya ce da suka idar da asuba maigidana ya miƙa masa makulli, ya ce akwai rijiyar da suka wuce, da mutane a wurin, kuma cikinsu shi kaɗai ya san ƙafarsa za ta kai. Ya ce, "Ku kada wanda ya motsa daga inuwar motar nan." Gora ɗaya ya ɗauka, ya bar musu sauran. Kafin la'asar mota ta iso musu da ruwa. Shi kuwa ya kai rijiyar, ya kwatanta inda suke har sau biyu don kada a ɓata, ya sha ruwa, ya kwanta. Ba a kai shi asibiti da rai ba. Su shida, har jaririn, duk suna raye.

Wanda iska ta kora ba ya barin makulli, Yaya. Ba ya barin ruwa. Kai rabin maganar ka ji, "ya bar mota ya shiga sahara da gudu," ka tashi kana kuka, ban ga laifinka ba. Inna ma ɗa ta rasa, tana neman abin da za ta kama. Amma ba ƙirjin yarinyar nan za a kama ba.

Na san abin da za a ce. 'Yar fari ce, a gidanmu uwa ba ta shiga maganar ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ko sunansa ba ta faɗa. Shekara shida na kiyaye, don akwai mai faɗar sunan a madadina. Yanzu babu shi.

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa yadda ya kai wa mutane ruwa. Allah Ya sa gudun nan na ƙarshe ya tarar da shi a mizani. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya ba Yaya Garba haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya sa mu cika da imani.

Kada ki kashe tukuna, Malama. Na aika ƙanwata asibitin Kabo, sun ba da takarda cewa hayaƙi zai iya kashe ta, tana ƙarƙashin filona. Na gaya wa babana a Gammo, gobe zai zo. Na gaya wa matar Liman. Isuhu ya ce jibi zai zauna a sahun gaba, ya faɗa da bakinsa. Kuma yau da safe na shiga ɗakin Inna, na durƙusa, na ce, "Inna, Zulaihatu ba za ta je gidan mai magani ba." Ta daɗe tana kallona, don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Sai ta jawo takalman yarinyar daga ƙarƙashin gadonta inda ta ɓoye su don ta hana ta gudu, ta turo mini.