Fayil ɗin Baba Ba Zai Rufu Ba

Ina zama a ofishinmu na Nassarawa GRA yau da safe, sai na ga fayilolin da na bari a buɗe cikin manhajar rubutu saura huɗu kacal.

Ashe Bitrus ne, mai kula da kwamfutocinmu, ya saka tsarin da ke rufe duk fayil ɗin da ya kwana uku ba a taɓa ba.

Na ce, "Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Haba Hajiya, nauyi take yi! Kuma ba abin da ya ɓace, rufewa kawai aka yi."

Na ce, "Akwai wanda mahaifina yake faɗa mini sunayen kakanninmu ta waya ina rubutawa. A tsakiyar layi muka tsaya, ya ce sai gobe. Goben ba ta same shi ba. Ba na taɓa shi, amma kullum ina kallonsa."

A gabana na sa ya cire tsarin, na sake buɗe fayil ɗin.

Kwamfuta ta yi ta nauyinta, wallahi ba zan rufe ba.

Ku fa, me kuka ƙi rufewa?