Sun Canza wa Baba Ila Ƙarshen Labarinsa

Yau da safe ina shirin shiga aji labari ya iske ni: Baba Ila mai fenti na tashar Agiye ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yarsa Hajara ce ta kira ni. Ta ce ya idar da sallar asuba ya koma ya kishingiɗa, da ta kawo masa kunu ta tarar rai ya yi halinsa. Ni ina Cadakori inda aka turo ni koyarwa, kafin in samu mota har an kai shi makwancinsa. Ko sallarsa ban samu ba.

Na zauna zan rubuta irin ta'aziyyar da kowa ke rubutawa, mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa. Na kasa. Baba Ila yana faɗa, kuma ya bar duniyar nan da ɓacin rai a cikinsa. Waɗanda suka ɓata masa ran su ne suka riga kowa ɗora hotonsa a shafinsu tun ba a dawo daga maƙabarta ba, da Faransanci mai daɗi, wai sun yi rashin babban gwani.

Su ne suka sake buga littafinsa suka canza masa ƙarshe. Maganar da zan yi ke nan, wanda zai ji haushi ya ji.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Ila shi ke rubuta allunan shaguna da bayan motoci. In ka taɓa ganin allon mai aski a Agiye da kawuna huɗu kowanne da irin askinsa, hannunsa ne. Rumfarsa tana bakin tasha, jikin masu shayi. Amma mu yaran wancan lokacin ba don allo muka san shi ba, mun san shi ne don Rufin Ƙarfe.

Labarin zane ne, hoto na bin hoto, maganar mutane a rubuce da Hausa a saman kansu. Shi ke zanawa, wani abokinsa darektan lakol, wato shugaban makarantar boko, ya buga masa a injin buga jarrabawa, mai shuɗiyar tawadar nan da warinta ke hawa kai. Kashi-kashi yake fitowa, kuma sai ya ga dama. Mukan yi ta zarya muna tambaya, ya ce mu bar shi ya nemi na hatsi tukuna.

A cikin labarin, wani zamani ne mai zuwa. Wasu masu ƙarfi sun gina rufin ƙarfe a kan ƙasar nan tun daga Gidan Rumji har Gazawa, suna tare ruwan sama kafin ya sauko, su tara a tankuna, su sako ta famfo ga unguwar da ta yi musu biyayya. Yaran da aka haifa a ƙarƙashin rufin ba su taɓa ganin hadari ba. Masu gadi mutanen ƙarfe ne masu ido ɗaya a goshi. Sai wani Bafulatani mai suna Dikko, wanda shanunsa suka ƙare ba shi da komai sai sanda, ya rantse sai ya hau ginshiƙi ya huda rufin.

Wallahi akwai lokacin da in na fito daga ɗaki sai na ɗaga kai na duba ko sama tana nan.

Bai taɓa korar yaro daga rumfarsa ba. Sharaɗinsa ɗaya, ka wanke hannu kafin ka taɓa takarda. In ka zo da maiƙon ƙosai a yatsa sai ya dube ka ya nuna maka buta.

Ranar kasuwar Gangara yakan tafi da sabon kashi ya karanta wa Fulani a kara, wajen da ake sayar da shanu, don yawancinsu ba su yi boko ba. Su yi shiru suna saurare, sannan su kama gardama da shi, wai ba makiyayin da ke riƙe sanda haka. Ya yi fushi ya naɗe takardunsa. A kashi na gaba sai ga Dikko ya ɗora sanda a wuya, hannu biyu a rataye, yadda suka ce.

Da na zama malami aka fara tura ni Gazawa, ya hau babur ya zo ya zana mini taswirar Nijar a bangon ajina, wuni guda yana kan benci. Shayi kawai ya yarda ya sha. Daga ranar ya daina kiran sunana, sai Mushe, yadda 'yan lakol ke kiran malaminsu, kuma da ka ji yadda yake jan kalmar ka san tsokana ce.

Mu da muka karanta na asali mun san yadda ya ƙare. Dikko ya kai rabin ginshiƙi da igiya. Masu rufi suka yi shela cewa unguwar da ta kamo shi za a buɗe mata famfo. Mutanen garinsu, waɗanda yake hawan domin su, suka janyo shi ƙasa da hannunsu suka miƙa shi. Hoton ƙarshe babu magana ko ɗaya. Layin mutane ne da jarkoki, kowa kansa a ƙasa, ba mai duban wani, ga sandar Dikko a yashe a gefe.

Mun yi kuka, mun zagi Baba Ila a ɓoye, wasu sun je har rumfa suna roƙo ya sake. Bai sake ba.

To shekarun baya kaɗan sai ga wasu mutane daga birni a farar mota. Suka ce sun ji labarin Rufin Ƙarfe, za su haɗa dukkan kashin a littafi ɗaya babba, takarda mai kyau, da kala, don yaran yanzu su karanta a lakol-lakol. Ina wurin. Baba Ila ya miƙe tsam. Ya shiga gida ya ɗauko adakarsa, ya fito da ainihin zanen hannunsa duka, ya damƙa musu. Har rakiya ya yi musu zuwa bakin mota.

Bayan tafiyarsu ba da daɗewa ba hawan jini ya kayar da shi, hannun dama ya shanye.

Yana kwance abin da yake tambaya kullum shi ne ko littafi ya fito.

Da suka aiko da kwafin farko Hajara ta kira ni na zo. Gaskiya littafi ya yi kyau, ba zan hana su wannan ba. Tana buɗe masa shafi yana murmushi, yana nuna mana inda tawada ta taɓa zuba ya mayar da ita hayaƙi. Har muka kai inda Dikko ya iso gindin ginshiƙi.

Daga nan sai ga wani mutum mai kwat da fara'a ya sauko daga sama. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka yi taron fahimtar juna. Aka kafa kwamitin ruwa, aka ba Dikko mataimakin shugaba. Mata na tafi, yara na dasa itace, ga bakan gizo a kan kowa. Wani ne ya zana a kwamfuta, ya kwaikwayi hannun Baba Ila har yadda yake yin kunnuwa. A bangon littafin kuma sunan Baba Ila ne shi kaɗai.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa Hajara ta rufe.

Ni na kira masa su a wayata. Wata mata mai ladabi ta yi mana bayani cewa tsohon ƙarshen ya yi duhu da yawa ga sababbin masu karatu, yara suna bukatar fata nagari, kuma abin zai iya tayar da magana tsakanin manoma da makiyaya. Ya ce to su cire sunansa. Ta ce ai an riga an buga. Ya ce su maido masa da zanensa na kashin ƙarshe. Ta ce za a duba. Daga baya aka ce sun canza buro, sun koma wani ofis, kaya sun cakuɗe. Daga baya aka daina ɗaukar waya.

Yanzu ku gaya mini, wanda ya ari labarin mutum ya yanke masa ƙarshe, ya ɗinka nasa, ya ɓatar da na asalin, me sunansa? Ni na san sunan, ina jin nauyin rubuta shi ranar rasuwa ne kawai.

Ganina da shi na ƙarshe a hutun damina ne. Na same shi a zaure kan tabarma, ya dafe takarda da gwiwa, fensir a hannun hagu. Hoton ƙarshen nan yake son ya sake zanawa. Layin mutanen ya fito kamar karan dawa da iska ta kwantar, ba ka gane kai balle jarka. Ya turo mini takardar ya ce in ba shi maki tunda ni ne Mushe.

Don in kwantar masa da hankali na ce ya yi haƙuri, ko ba komai yara za su san sunansa, kuma wataƙila ƙarshe mai daɗi ba laifi ba ne.

Ya dube ni irin duban da yake yi wa mai maiƙo a yatsa. Sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba.

Ya ce yana saurayi a ƙauyensu can wajen Gangara akwai wani Bafulatani, Sambo, da ke sauka a gonarsu duk bayan girbi, shanu su ci kara su bar musu taki. Shi da mahaifin Baba Ila abokai ne, ƙwarya ɗaya suke sha. Aka yi wata shekarar fari, rijiya ta ja baya, mutanen gari suka haɗa baki cewa ba dabbar baƙo da za ta ƙara sha. Sambo ya iso da 'yan shanun da suka rage masa, ya tarar da maza sun tare bakin rijiya da sanduna. Ya kira mahaifin Baba Ila da sunansa. Tsohon yana cikin layi, ya sunkuyar da kai bai amsa ba. Sambo ya juya da shanunsa, aka riƙa ganin gawarsu a kan hanya, shi kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

"Mushe, ban ƙaga ƙarshen nan ba, gani na yi," in ji shi. "Mai hular nan da ke gaban layi, kai ƙasa, ubana ne. Har ya mutu, in kaka ta yi sai ya tahi bakin gona ya zauna yana duban hanya. Na zana shi don kada ɗiyanmu su ce ba a taɓa yi ba. Su kau sun share shi, sun ba shi kujerar roba."

Na karɓi fensirin na fiƙe masa.

Da zan tafi ya riƙe mini riga da hannun mai lafiya ya ce, "In kana addu'a ka riƙa sa Sambo. Ni ban san inda shike kwance ba."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Na ji an ce bikin ƙaddamar da littafin yana nan ba fashi, har za a yi shiru na ɗan lokaci don girmama shi. Su yi shirunsu, sun saba, tun yana raye suke yi masa. Ni ba za ni ba.

Ba zan ce kada ku ba 'ya'yanku littafin ba, don yawancinsa hannun Baba Ila ne kuma babu irinsa. Amma in sun kai inda Dikko ya tsaya a gindin ginshiƙi, ku karɓa ku rufe, ku faɗa musu sauran da bakinku.

Roƙona ga 'yan Agiye da Gazawa da Gangara da duk inda takardun nan suka taɓa kaiwa: ku duba adakar tsofaffinku. Duk mai tsohon kashin ƙarshe, ko ya yage, ko gara ta ci gefe, ya ɗauki hoto ya sa a kwament. Na ɗauko nawa ɗazu, shuɗiyar tawadar ta dushe gaba ɗaya, farar takarda kawai na riƙe. Hajara tana son jikokin Baba Ila su ga fuskar mahaifinsa kamar yadda ya zana ta.

Su waɗancan masu buga littafin na bar su da Allah. Yau dai bakina ba zai iya yi musu addu'a ba.

Allah ya jiƙan Baba Ila, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajara da sauran iyali haƙurin rashi. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya tsaya ya yi masa addu'a, ya haɗa da mahaifinsa, ya haɗa da Sambo.

Allah ya tara su ukun a bakin tafkin Alkausara, su sha a ƙwarya ɗaya. Amin.